Damanar da Gayyarmu Ta Rabu Biyu

Bana ruwa ya yi mana wayo. Ya sauka sau biyu da ƙarfi, kowa ya ruga ya yi shuka, sai ya ɗauke. Yau kwana goma sha tara ke nan ko yayyafi babu. Jikokina sun samo injin ban-ruwa sun kafa a bakin gulbi, tun safe yake ruri. Ni dai ina zaune ƙarƙashin rumfa ina jin ƙaurin ƙasar da rana ta toya, sai ga damanar shekarar da aka ba mu mulkin kai ta dawo mini kamar jiya.

A lokacin ina amarya, shekarata guda a ɗakin Yakubu. Tungarmu tana bakin Kwara, wuni guda ne a ƙafa zuwa Bagudo, amma iyakar Dahomi, wadda yanzu ake kira Benin, kana iya zuwa ka dawo kafin tuwo ya huce. Yawancin mutanen tungar Musulmi ne, Dandawa da Hausawa. Mu masu bin Almasihu gida goma sha ɗaya ne kawai, kuma duk ta hannun mahaifina muka samu. Sunansa Iliya, mai jirgi ne. Tun yana saurayi yake fiton kaya zuwa ƙetare, a can ya ji bishara ya karɓa. Bai yi makaranta ba, amma yana iya bin Littafi Mai Tsarki da yatsa. Shi ya kafa mana ɗakin sujada na zana, shi yake ja mana addu'a da Dandanci, kuma sau ɗaya a shekara wani fasto yakan ƙetaro daga Dahomi ya zuba wa sababbin tuba da jarirai ruwa a kai. Haka aka yi mini ina 'yar wata huɗu. Haka aka yi wa kusan kowa.

Gidajen nan goma sha ɗaya gayyarmu ɗaya ce. Yau a gonar wannan, gobe a ta wancan, maza da kalme, mu mata da fura a ka. Ba mu taɓa ƙirga wa ya fi wa yin aiki ba.

Da bazarar shekarar wan mijina ya dawo. Malam Dauda ke nan, ya yi shekara uku a makarantar Littafi can nesa. Mun yi murna ba kaɗan ba. Baba da kansa ya yanka masa zakara, ya ce yanzu mun sami wanda zai karanta mana ba tare da yatsa ba. Zafin bazarar nan ya yi tsanani, ko randa ka buɗe ruwan ɗumi za ka tarar, amma ranar Lahadi ɗakin zana ya cika har waje don a ji shi. Kuma ya iya. Murya gare shi mai sanyi, ba ya faɗa, yana buɗe maka abu har ka ga kamar ka daɗe da saninsa.

Ruwan farko ya sauka, muka yi shuka tare. Gonar Baba aka fara, maza suna sara da sungumi, muna bin su muna zuba iri muna takewa. Lahadin da ta biyo baya ne Malam Dauda ya yi maganar da ta raba mu. Ya ce ya daɗe yana jin nauyin faɗa, amma ba zai iya ɓoyewa ba: zuba ruwa a kan jariri ba baftisma ba ce. Sai mutum ya girma, ya amsa da bakinsa, an nutsar da shi cikin ruwa gaba ɗaya. Wanda ba a yi wa haka ba, ba zai ba shi jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke tarayya a kai. Ya buɗe Littafi ya karanta wurin da ke cewa masu bi jiki guda ne kuma baftismarsu guda ce.

Baba ya miƙe a hankali. Ya ce, "Dauda, sake karanta wurin nan."

Ya sake.

"To ai shi ke nan. Guda ce. An yi muna ita, mi za a sake?"

"Baba, guda ce, amma ba ita aka yi muku ba."

"Shekara talatin ina cikin mi ke nan?"

Malam Dauda ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ina daga bayan mata ina kallon wannan ina kallon wancan. Layi ɗaya suka ji, daga baki ɗaya, kowa kuma ya ji nasa. Na yi ta jira wani ya ce an yi kuskuren karatu, babu wanda ya ce.

Cikin makon ruwa ya ɗauke. Geron da ya tsiro ya kai tsawon ɗan yatsa ya fara murɗewa, ya yi fari, ya kwanta. Kullum da la'asar hadari yakan taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta kaɗa, mu kwashe shanya da gudu, sai ya watse. Lahadi ta uku Malam Dauda bai shiga ɗakin zana ba. Ya je ƙarƙashin tsamiyar bakin hanya, gida bakwai suka bi shi, har da namu. Gida huɗu suka tsaya wa Baba, yawancinsu tsofaffi. Tsakanin tsamiyar da ɗakin bai fi jifa biyu ba. Muna roƙon ruwa, muna jin su suna roƙon ruwa. Wani lokaci ma waƙa ɗaya muke yi, su suna gaba da baiti guda, sai bakina ya bi nasu ban sani ba, matar da ke kusa ta zungure ni.

Ba wanda ya zauna ya ce a raba gayya. Da ruwa ya dawo bayan kwana ashirin da wani abu aka tashi sake shuka, sai kawai aka ga maza bakwai sun nufi gabas, huɗu sun nufi yamma. Irin ma da ƙyar aka haɗa shi, don an riga an zuba mai kyau a ƙasa ya ƙone. Abin da aka ajiye na ci shi aka mayar iri.

Daga nan yunwa ta shigo. Rumbunmu na shiga da kaina na share ƙasansa da tsintsiya, abin da na samu bai cika ƙwarya ba, rabi ma ƙasa ce. Muka koma tafasa da rama da yaɗiya, a dafa a matse a barbaɗa ɗan gishiri. Dusar da muke ba awaki muka riƙa tankaɗewa muna dama kunu. Da hantsi mata mukan shiga tafki har ƙugu muna cirar bado, mu shanya 'ya'yan mu daka. Tuwon bado yana cika ciki, amma kafin ka kai gona ya bar ka. Ga shi ina da ciki na fari. Idan na sunkuya ɗaukar tulu sai in ga taurari da rana tsaka.

A tafkin nan ne maƙwabciyata Hajo ta tambaye ni. Badandiya ce, Musulma, mai bandar kifi, ta girme ni amma muna shiri ƙwarai.

"Saratu, wai yanzu addininku biyu ne?"

"Ɗaya ne."

"To mi ya sa wuri biyu?"

"Kan ruwa ne."

"Ruwan da ya ƙi zuwa?"

"A'a, wanda ake yi muna wanka da shi na shiga addini. Wasu sun ce a zuba, wasu sun ce a nutsa."

Ta tsaya da bado a hannu tana kallona. "Ke wanne aka yi miki?"

"An zuba."

"To kin shiga ko ba ki shiga ba?"

Tambayar da ke hana ni sukuni ke nan, ita kuma ta yi ta ne kamar mai tambayar ranar kasuwa. Da muka fito ta ƙulla mini ƙananan kifi uku a ganye, ta ce in ci saboda abin da ke cikina.

Maganganu suka fara yawo. A ɓangarenmu ana raɗa cewa farin nan horo ne saboda masu taurin kai. A ɓangaren Baba ana cewa tun ranar da Malam Dauda ya yi maganar nan a ɗakin Allah ruwa ya ɗauke. Malam Dauda ya tsawata wa namu, na kuma ji Baba ya tsawata wa nasa, amma raɗa ba ta daina ba. Ni nakan lissafa kwanakin in ga kowa da gaskiyarsa, sai in tuna gonar Hajo ma ta ƙone, ita da ba ruwanta da mu.

Yakubu ba mai yawan magana ba ne. Bai taɓa hana ni zuwa gidanmu ba, bai kuma taɓa cewa in gaida Baba ba. Wata rana da azahar ya dawo gona ya zauna inuwa, na ɗauko masa Littafin wansa da ya aro, na ce ya nemo mini inda aka yi maganar irin wannan rabuwa, in akwai. Ya daɗe yana juya shafi. Sai ya samo labarin wata jama'a ta dā da suka kasu, kowa yana cewa shi na malam wane ne, har manzo ya rubuta musu yana yi musu faɗa, yana tambaya ko Almasihu ne aka yanka kashi-kashi.

Na ce, "To mu na wa ne? Na Baba ko na Malam?"

"Ai abin da ake hanawa ke nan."

"To mu koma ɗakin zana."

"In mun koma mun ce Yaya ya yi ƙarya."

"In mun zauna fa?"

Ya rufe Littafin ya ce, "Akwai sauran kunun?"

Da watan marka ya kama, ruwan da muka yi ta roƙo ya zo gaba ɗaya. Kwana da kwanaki ba rana, itace ya jiƙe, sai mu yi ta hura wuta hayaƙi yana cin ido. Katangar bayan ɗakinmu ta zube. Ciyawa ta tashi ta fi geron sauri. Maza bakwai na ɓangarenmu, matasa ne, suka gama noman fari suka shiga maimai. Gonar Baba kuwa tana can gangaren fadama, tsofaffi huɗu suna fama da ita, su nome gaba baya ya rufe. Nakan bi ta gefenta in na je itace, in hango farin kansa yana sunkuyawa yana ɗagowa cikin harƙiya. Sau biyu na ajiye itacen na shiga na tuge ciyawa da hannu. Bai ce in bari ba, bai ce sannu ba.

Abin da yake jira shi ne faston Dahomi. Kullum cewa yake, "Bari shi zo. Shi ya yi karatu kamar Dauda, su zauna su daidaita." Amma a watan nan ne muka ji ganguna daga ƙetare kwana biyu, aka ce Faransawa sun ba su ƙasarsu. Masu fito suka ce yanzu an sa sababbin ma'aikata a bakin iyaka suna tambayar takarda, har wurin mutanen da kakanninsu ke kwance a can. Ko takardar ce ta hana faston, ko ciwo, ko cikar gulbi, ba mu taɓa sani ba. Bai dai zo ba. Mu ma aka ce namu mulkin kan yana tafe. Na tambayi Yakubu ko in ya zo za a buɗe iyakar, ya ce shi a ganinsa ƙara rufewa za a yi, tunda yanzu kowa da ƙasarsa. Wannan ma ban gane ba.

Gero ya yi kai, ya fara nuna. Muka fara karyo tumu muna gasawa, yara suka daina kukan safe. Sai Malam Dauda ya sanar cewa kafin a ci jibin godiyar kaka, za a yi baftisma a gulbi ranar Lahadi. Mu goma sha huɗu ne, har da ni da Yakubu.

Ranar Asabar, ranar da aka ce ƙasa ta dawo hannunmu, wani da ya je Bagudo ya dawo da 'yar tuta kore da fari, yara suna bin sa. Ni gidanmu na nufa. Na tarar da Baba yana toshe jirginsa da tsumma. Na durƙusa na gaishe shi.

"Mi ya kawo ki da rana haka, da wannan ciki?"

"Baba, gobe ne."

"Na ji."

"In ka ce kar in je, ba ni zuwa."

Ya ci gaba da tura tsumma da bakin wuƙa. Can ya ce, "Ruwan da aka zuba miki, ni na ɗebo shi. Tsakiyar gulbi na tafi na ɗebo, don na bakin gaɓa da laka. Innarki, Allah ya ji ƙanta, tana riƙe da ke kina ta ihu."

"To in fasa?"

"Ban ce ba."

"In je?"

"Ban ce ba, ɗiyata." Ya ɗago ya dube ni. "Ina Dauda za ya yi muku?"

"Mashayar tsamiya."

Ya ajiye wuƙar. Na gaji da durƙuso na tashi.

Da safe muka sauka mashaya cikin fararen zannuwa. Gulbi ya cika ya yi ja, yana tafe da rassa da kumfa. Inda muke wanki da rani ya nutse ba a ganin ko alamarsa. Malam Dauda ya naɗe wando zai shiga, sai muka ji murya daga ruwa.

"Dauda, tsaya nan!"

Baba ne a jirgi, yana tokaro shi da gora ta gefen ciyawa.

"Baba, don Allah kar a yi haka yau."

"Ba hana ka na zo yi ba. Taki uku gabanka rami ne, ruwa ya cinye gaɓar tun wancan mako. In ka shiga da mutum ba ku fitowa." Ya miƙa gorar ya caka a wurin, ta shige har hannunsa ba ta taɓa ƙasa ba. Wata mata ta yi salati irin na maƙwabtanmu ba ta sani ba.

Malam Dauda ya tsaya da ƙafa ɗaya a ruwa. Shekara uku ba ya nan, kuma tun can shi ba mutumin gulbi ba ne. Ya ce, "To ina za mu?"

"Bayan gungu akwai rairayi. Ku shigo biyar biyar."

Gungu shi ne ɗan tsibirin da ke tsakiyar ruwa. Sawu uku Baba ya yi yana kai mu, ba ya kallon kowa. Ina zaune a jirgin ubana, sanye da zanen da zan je in ce abin da ya yi mini bai yi ba, shi kuma yana tuƙi yana kaucewa igiyar ruwa don kar in jiƙe tun yanzu. Na so in yi kuka, na so in yi dariya, ban yi ko ɗaya ba.

A bayan gungun ma ruwan da ƙarfinsa. Baba ya ɗaure jirgi, ya shiga har ƙirji ta ƙasan inda Malam Dauda ya tsaya, ya kafa gorarsa ya riƙe. Ba ya waƙa, ba ya amin, yana tsaye kawai. Aka yi wa maza. Aka yi wa Yakubu. Da aka zo kaina Malam Dauda ya tambaye ni ko na ba da gaskiya, na ce na bayar, kuma ban yi ƙarya ba, sai dai na riga na bayar tun ban san ranar ba. Ya dafa bayana ya kwantar da ni. Sanyi ya rufe ni, kunnuwana suka cika da ƙugi. Sai rairayin ya zame ƙarƙashin ƙafata, nauyin cikin ya juya ni, na ji hannun Malam ya kuɓuce. Na shaƙi ruwa. Wani hannu ya cafke ni a damtse, wani ya kama zanena, aka fizgo ni sama.

Da na buɗe ido ina tari, su biyun suna riƙe da ni, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, gorar Baba tana can ruwa ya tafi da ita. Ya kamata Malam Dauda ya faɗi kalmomin rufewa, ya manta. Har yau ban san wanda ya fara ɗago ni ba. Na tambayi Yakubu, ya ce shi idonsa a rufe yake yana addu'a.

A hanyar dawowa da filafili Baba ya tuƙa. Ina kusa da shi, na ce a hankali, "Baba, yanzu biyu ke nan. Wacce za a ƙirga?"

Ya ce, "Ban sani ba, Saratu. Wata uku ina jiran mai gaya mini." Ya duba gaɓa ya ƙara da cewa, "Ruwan ga na ƙara hawa. Jibi yana cikin gonata."

Bai faɗa don a ji ba, amma jirgi ƙarami ne.

Ba zan ce mun haɗe ba. Jibin godiya wuri biyu aka ci shi. Yau ma ɗakunan sujada biyu ne a garin, kowanne da rufin kwano da lasifika, jikokina wasu nan wasu can, in ka tambaye su mafarin abin ba su sani ba. Amma ranar Litinin ɗin nan, rana ba ta gama fitowa ba, Malam Dauda ya bi gida bakwai yana buga ƙofa. Muka tarar da tsofaffi huɗu sun riga sun fara girbi, ruwa ya kai kunyar ƙarshe. Baba ya ɗago ya ga mutane, ya nuna musu gefen da ya fi kusa da ruwa, ya koma bakin aikinsa. Maza suna kayar da kara, muna yanke kawuna, ana ɗaure dami ana haurawa tudu da gudu cikin laka. Geron bai yi kyau ba, ciyawa ta ci rabinsa, amma ba mu bar wa gulbi ko zangarniya ba.

Da rana ta take muka zube a inuwar kanya. Na sauke furar sabon gero, ta farko a shekarar, ƙamshinta kaɗai yana tsinka yawu. Aka zagaye ƙwarya, kowa da ludayi, sai aka tsaya ana kallon juna. Wa zai yi addu'a?

Baba ya ce, "Malam, bisimilla."

"A'a Baba, gonarka ce."

"Kai ka yi karatu."

"Kai ne babba."

Muna zaune ƙudaje suna sauka bakin ƙwaryar, cikin wani tsoho yana ƙugi kowa yana ji. Can dai kowannensu ya ɗauka ɗayan ya ƙi, sai suka fara tare, Baba da Dandanci, Malam Dauda da Hausa. Muka jira ɗaya ya yi shiru, babu wanda ya yi. Na rufe ido ina ƙoƙarin bin wannan sai wancan ya ja ni. Baba ya riga gamawa, muka ce amin. Malam Dauda ya ƙarasa tasa, muka sake cewa amin, mu duka, har tsofaffin. Sannan muka sa ludayi.